Malam Aminu Kano: Ministan da ya rasu bai bar kamfani ba

Duk ɗan ci-ranin da ya sauka a filin jirgin saman Kano daga Jidda ko Dubai, sunan da zai fara gani a jikin ginin na mutumin da bai tara dukiya ba ne. Kano gari ne na attajirai tun zamanin fataken goro, amma filin jirginta da asibitin koyarwarta duk sunan Malam Aminu Kano suke amsawa.

An haife shi a unguwar Sudawa a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙalin Kano, wato ɗan gidan ilimi ne da ke da ƙofa a buɗe zuwa fada. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi inda ya haɗu da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya tafi Landan ƙaro ilimi a 1946. A Arewar wancan lokaci, mai irin wannan takarda ba ya neman aiki, aikin ne ke nemansa.

Amma a 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, ya kuma zama shugabanta a 1953. Zama ɗan NEPU ba wasa ba ne. 'Yan doka da kotunan En'e sun ɗaure magoya bayanta, wasu an yi musu bulala, wasu sun bar garuruwansu dole. Abin da jam'iyyar ke cewa shi ne talaka mutum ne, yana da ikon tambayar hakimi inda harajinsa ya tafi. Kalmar Sawaba, takensu, ita ce kuma sunan jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar, wadda aka haramta a 1959.

Inda aka fi gwada halinsa shi ne lokacin da mulki ya zo hannunsa. Ya ci kujerar majalisar wakilai a 1959, kuma daga 1967 ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Ƙarshen wannan zamani ya zo daidai da ambaliyar kuɗin man fetur, lokacin da kwangila ɗaya ke mayar da mutum attajiri. Malam ya koma gidansa na Gwammaja da farar rigarsa da jar hularsa, zaurensa cike da masu kawo kuka: mai rikicin gona, matar da aka danne wa gado, ɗalibin da ke neman gurbin karatu.

Ba wai ba shi da masu suka ba. Wasu tsofaffin abokan gwagwarmaya ba su ji daɗin shigarsa gwamnatin soja ba. Jam'iyyarsa ta PRP, wadda ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979 ta kuma soke haraji da jangali, ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, har ya raba gari da Abubakar Rimi da Balarabe Musa. An yi zafafan kalamai, an raba zumunci. Abin lura shi ne, a duk wannan rikici an zarge shi da taurin kai da sassauci ga gwamnatin NPN, amma zargin sata bai taɓa kama shi ba. Shi kansa a zaɓen shugaban ƙasa na 1979 na huɗu ya zo, da ƙuri'a kusan miliyan 1.7.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin wani zaɓen. Ba a san shi da masana'anta ko jerin gidajen haya ba. An binne shi a cikin gidan nasa, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Har yau, in zaɓe ya ƙarato, 'yan takara daga jam'iyyun da ba sa ga maciji da juna kan yi rige-rigen cewa su almajiransa ne, wasunsu kuma cikin jerin gwanon motoci suke isa ƙofar gidan.