George Müller: Mai Littattafai Ɗari Uku

Idan ka shiga Yamai yau, ka tsaya a Babbar Kasuwa ko a bakin gadar Kennedy, za ka ga mutane kai a sunkuye, kowa da wayarsa a hannu. A ƙauye ma haka abin yake. Tun asuba saƙon murya yake shigowa ta WhatsApp: labarin yaƙi, kuɗin gero, wa'azin wane, mafarkin wance. Kunne ya cika, zuciya kuwa tana jin yunwa. Ga labarin wani bawan Allah wanda ya sha irin wannan wahala, ko da yake a zamaninsa takarda ce ta yi yawa.

An haifi George Müller a ƙasar Jamus cikin shekara ta 1805. Ubansa mai karɓar haraji ne. Tun yaron bai kai shekara 10 ba yake satar kuɗin ubansa. Da ya kai 16 aka sa shi a kurkuku kwana 24, gama ya sauka a masauki ya gudu bai biya ba. Duk da haka ubansa ya aike shi babbar makaranta a birnin Halle domin ya zama fasto. A lokacin karatunsa yana da littattafai wajen 300, amma babu Littafi Mai Tsarki a cikinsu.

Cikin watan Nuwamba 1825 wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a wani gida. Ya ga mutum ya durƙusa yana addu'a, abin da bai taɓa gani ba. Daga nan ya gane Yesu Kristi ya mutu domin zunubansa, ya tuba, ya ba da gaskiya.

Amma ga wani tarko. Shekara huɗu bayan tubansa yana ta karanta wa'azin manyan malamai, da labarun masu bishara, da ƙananan takardu irin wannan da ke hannunka. Ba miyagu ba ne. Sai dai sun cinye lokacin Maganar Allah, ya zauna jariri cikin bangaskiya. A 1829 ya tafi Ingila, ya yi ciwo, ya je hutawa a wani gari na bakin teku. Can ya ajiye kusan dukan littattafansa, ya buɗe Littafi Mai Tsarki kaɗai, yana roƙon Ruhu Mai Tsarki ya koya masa. Daga baya ya shaida cewa abin da ya koya cikin 'yan sa'o'i ya fi na watanni da yawa.

A 1836 shi da matarsa Maryamu suka buɗe gidan marayu a birnin Bristol. Aikin ya yi ta girma har gidaje biyar, masu ɗaukar yara wajen 2,000. Bai roƙi kowa kuɗi ba, sai Allah. Wasiƙu suna zuwa kowace rana, baƙi suna jira, wani lokaci abincin gobe babu. Mutum mai irin wannan nauyi, da me zai fara safiya? A 1841 ya tsai da shawara: kafin ya ci abinci, zai ɗauki 'yan ayoyi, ya yi ta tunani a kansu, sau da yawa yana tafiya a fili, har ransa ya ƙoshi, tunanin ya zama addu'a. Sa'an nan ya fuskanci aiki. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ya karanta Littafi Mai Tsarki daga fari har ƙarshe wajen sau 200. Marayu fiye da 10,000 suka tashi a hannunsa. Yana da shekara 70 ya soma tafiye-tafiyen wa'azi, ya kai ƙasashe 42. Ya rasu ran 10 ga Maris 1898, yana da shekara 92.

Ya mai karatu, taura biyu ba ta taunuwa. Waya tana da amfani, tana kawo muryar ɗanka da ke ci-rani. Amma wace murya ce kake fara ji da safe? Buɗe Luka 10:38-42, ka ga yadda hidima mai yawa ta raba hankalin Marta, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraron Ubangiji.

Gobe, kafin ka taɓa waya, tara iyalinka. Idan ba ka iya karatu ba, ɗanka ɗan makaranta ya karanta muku aya biyu ko uku. Ku yi addu'a, ka tafi gona da su a zuciya. Labarin da ya zo daga baya kuwa, ka sheƙe shi kamar hatsi. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka aika wa wani. Allah ya ba mu kunnen jin muryarsa. Amin.