Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Koyi Gode wa Ranar Kamunsa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Legas da Abuja sun san sunan Crowther a jikin allunan makarantu da majami'u, amma kaɗan ne suka san wuyar da mai sunan ya sha.

An haifi Ajayi a garin Osogun na ƙasar Yarabawa. A shekarar 1821 mahara suka afka wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa, sa'an nan aka raba su. Aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki. Baƙin ciki ya kai shi ga yunƙurin halaka kansa. A 1822 aka sa shi cikin jirgin ruwan Turawan Fotugal, amma sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya kuma zama ɗalibin farko a Kwalejin Fourah Bay a 1827.

Shekara goma bayan haka ya rubuta labarin kamunsa. A ciki bai ɓoye ɗacin wannan rana ba, amma ya nuna an koya masa ya ɗauke ta ranar albarka, domin ta nan Allah ya bi ya kai shi ga sanin Almasihu. A ganina nan ne mabuɗin rayuwarsa. Bai wanke masu fataucin bayi ba, ya yaƙi wannan ciniki har ƙarshen ransa. Abin da addu'a ta ba shi shi ne ya ga wahalarsa tana da inda ta nufa. Ba mamaki da cikin ayyukansa na farko akwai juya littafin addu'o'in Angilikan zuwa Yarabanci, kuma a 1851 ya karanta Addu'ar Ubangiji da harshensa a gaban Sarauniya Biktoriya. A 1846 ya sake gamuwa da mahaifiyarsa a Abekuta bayan rabuwar shekara 25, daga baya aka yi mata baftisma da sunan Hannatu.

Mu ma a nan Arewa muna da rabo cikin labarinsa. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da Rabaran Schön, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876. A 1857 jirginsu ya yi karo da dutse kusa da Jebba, suka maƙale sama da shekara guda. Maimakon zaman makoki, sai ya duƙufa kan koyon Nufanci. Ya kafa mishan a Lakwaja, ya kuma yi zaman mutunci da Etsu Masaba na Bida, abin koyi ga masu ɗora wa addini husumar da ba tasa ba. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Legas tare da takardun harsunan da ya daɗe yana tarawa. Ya sake farawa. A 1864 aka naɗa shi Bishop a Kantabari, baƙar fata na farko a Ikilisiyar Angilikan.

Jarrabawa mafi zafi ta zo masa ne da tsufa, kuma daga cikin gida. A 1890 wasu matasan mishan Turawa suka tuhumi ma'aikatansa 'yan Afirka a wani taro a Onitsha, suka dakatar da da yawansu, har da ɗansa Dandeson. Dattijo mai shekara kusan 80 bai mai da baƙar magana ba, ya sauka daga kujerar kwamitin. Ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Sai a 2014 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya fito fili ya nemi gafara kan abin da aka yi masa.