Bon Scott: Mawaƙin AC/DC da ya mutu daidai lokacin da haƙarsa ta cimma ruwa

Shekara biyar da 'yan watanni kacal Bon Scott ya yi a ƙungiyar AC/DC, wadda yanzu ta haura shekara 50 tana kiɗan rok mai zafi, amma har yau da wuya a ba da tarihinta ba a fara da shi ba.

An haifi Ronald Belford Scott ranar 9 ga Yuli, 1946 a garin Forfar na Scotland. A 1952 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Ostareliya, daga baya suka zauna a Fremantle, wani gari mai tashar jiragen ruwa. Karatu bai karɓe shi ba. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya yi aikin raba wasiƙu, ya kuma taɓa zaman gidan horar da kangararrun yara. Ko rundunar soja ma da ya nema, ba ta ɗauke shi ba.

Ya shafe kusan shekara goma yana yawo daga wannan ƙungiyar kiɗa zuwa waccan, daga Spektors zuwa Valentines, sannan Fraternity, ba tare da ya tsinana wani abin kirki ba. A watan Mayun 1974 ya yi mummunan hatsarin babur a Adelaide, har ya kwana uku bai san inda kansa yake ba. Bayan ya murmure ne ya haɗu da wasu samari 'yan uwan juna masu kaɗa gita, Malcolm da Angus Young, waɗanda su ma Scotland ce tushensu. Sun kafa AC/DC a Sidni a 1973, kuma ba su gamsu da mawaƙinsu Dave Evans ba, sai Scott ya maye gurbinsa. A lokacin yana da shekara 28, Angus kuwa 19.

Abin da ya kawo musu ya wuce murya mai kaushi. Mutum ne da ya ga jiya ya ga yau, yana rera wahalar mawaƙin da ba shi da ko sisi cikin raha da shaƙiyanci, shi ya sa leburori da matasa suka ɗauke shi nasu. Har algaitar nan mai jaka ta mutanen Scotland ya busa a ɗaya daga cikin waƙoƙinsu. Faifai na bin faifai, har zuwa Highway to Hell na 1979, wanda ya buɗe musu kasuwar Amurka.

Sai dai giya ta riga ta zame masa jiki. A watan Fabrairun 1980, bayan wani daren shaye-shaye a Landan, wani abokinsa ya bar shi yana barci cikin mota a unguwar East Dulwich. Ranar 19 ga wata aka tarar ba ya motsi, asibiti kuma ya tabbatar da mutuwarsa. Binciken hukuma ya ce barasa ce ta yi masa yawa. Shekararsa 33.

'Yan ƙungiyar sun yi tunanin watsewa, amma iyayensa suka ƙarfafa musu gwiwa su ci gaba. Suka ɗauko Brian Johnson, mawaƙin da Scott da kansa ya taɓa yabawa, suka fitar da Back in Black a watan Yuli, da baƙin bango don makokinsa. Faifan ya shiga sahun waɗanda aka fi saya a tarihin duniya. An binne tokar gawar Scott a maƙabartar Fremantle, garin da aka kafa mutum-mutuminsa a 2008.