Abdurrahman al-Gafiki Da Yaƙin Balaɗus Shuhada

Abdurrahman ɗan Abdullahi al-Gafiki asalinsa Balaraben Yaman ne, yana kuwa cikin tabi'ai, don ya ruwaito hadisi daga Abdullahi ɗan Umar. Ya yi suna a shekarar 721, sa'ad da aka kashe gwamnan Andalus, Samhu ɗan Malik, a ƙofar birnin Tulus. Shi ya tattara ragowar mayaƙa ya komo da su Narbon.

Wajen 730, zamanin Halifa Hisham, aka ba shi mulkin Andalus. Ya ƙetare duwatsu ya shiga ƙasar da ake kira Faransa yau, ya fatattaki Odo, sarkin Akitaniya, a Bodo. Odo ya ruga neman gudunmawa wurin tsohon abokin gabansa, Shal Martel, jagoran Kiristocin arewa. Rundunonin biyu suka yi kiciɓis tsakanin Tur da Fwatiye. Aka yi kamar mako guda ana kallon-kallo, sa'an nan aka gwabza. Abdurrahman ya faɗi a fagen fama. Cikin dare mutanensa suka janye, suka bar tantuna wayam.

Ranar yaƙin ce har yau ake gardama a kanta. Littattafan Turawa da yawa sukan ce 10 ga Oktoba, 732. To, amma tsofaffin marubutansu sun ce Asabar ce, 10 ga watan kuwa Juma'a ta faɗa. Larabawa sun ce cikin Ramalan na Hijira 114, wanda ya kama ran 25 ga Oktoba, ita kuwa Asabar ce. Akwai ma masu kai yaƙin shekarar 733 ɗungum.