Amina 'Yar Bakwa, Sarauniyar Zazzau

Yau a wannan fili namu za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu koma baya shekara ɗari huɗu ko fiye, mu dubi rayuwar Amina Sarauniyar Zazzau. Abin da ya jawo haka kuwa, kwanan baya a nan Danchadi wata yarinya 'yar makaranta ta zo wurina da littafinta, rai a ɓace. An ba su aikin rubuta labarin Amina, da ta koma gida sai yayanta ya ce mata ai tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, kakarta kuma ta hana ta ƙara ambaton sunan matar a gidan, wai don ba mutuniyar kirki ba ce. Na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗu ba.

To, ga mai cewa tatsuniya ce, shaidar farko daga ƙasarmu ta fito. A shekarar 1812, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, nan kusa da mu cikin ƙasar Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello ya gama rubuta littafin nan Infaƙul Maisuri. Shekara biyar ke nan kafin ya zama Sarkin Musulmi. A inda yake bayanin ƙasashen Hausa ya kawo sunan Amina 'yar Sarkin Zazzau, ya nuna cewa ta yaƙi ƙasashen nan ta rinjaye su, har Kano da Katsina suna kai mata haraji, kana ta juya kudu da yaƙi ta yi nisa ƙwarai. Malami irin Bello, wanda ba shi da wata riba wajen yabon sarautar Haɓe, shi ne ya rubuta wannan. Shaida ta biyu ita ce Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, daga baya wani Bature mai suna Palmer ya juya shi da Turanci a 1908. Shi ma ya ambace ta, ya ce yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34.

Sauran labarin rayuwarta daga bakin dattawan Zazzau aka samo shi. Sun ce an haife ta wajen 1533, a gidan Bakwa Turunku. Turunku gari ne a gindin duwatsu kudu da Zariya, cikin Jihar Kaduna ta yanzu, har yau ana ganin kufan ganuwarsa. Nan ne mazaunin sarauta kafin ƙarancin ruwa ya sa aka matsa arewa wajen dutsen Kufena. Shi kansa Bakwa, waɗansu sun ce namiji ne, waɗansu sun ce mace ce, watau uwar Amina ce ta riga ta hawa karaga. Amina tana da ƙanwa mai suna Zariya, wadda aka ce sunanta birnin ya ci, da kuma ɗan'uwa namiji mai suna Karama.

An ce tun tana 'yar ƙarama kakanta Sarki Nohir yake ɗaukarta zuwa fada, ta zauna kusa da shi tana jin yadda ake shari'a da yadda ake shirya yaƙi. Wannan wuri ne da nake so iyaye mata su lura da shi. Yarinyar ba daga sama ta faɗo da sanin mulki ba, wani babba ne ya zaunar da ita inda ake magana mai nauyi, bai kore ta cikin gida ba. Da ta kai shekara 16, Bakwa ya hau sarauta, aka naɗa ta Magajiya. Masu neman aure suka yi ta zuwa da dukiya, ita kuwa hankalinta yana wajen doki da takobi.

Bayan rasuwar Bakwa sarauta ta koma hannun Karama, wajen 1566. Shekara goma da ya yi, Amina tana fita yaƙi tare da mayaƙansa, har ta zama ita ke gaban barade. Don haka da Karama ya rasu wajen 1576, ba a sha wahalar neman magaji ba. Mutanen da suka ga tsayuwarta a fagen fama su ne suka tsaya mata. An ce wata uku kawai ta yi a kan karaga ta fita yaƙinta na farko, da runduna ta mutum 20,000.

A nan sai in ɗan tsaya saboda 'yan makaranta, kada a kama su a jarrabawa. Tarihin Kano ya sa zamanin Amina daidai da na Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Lissafin Zazzau kuwa ya kawo ta daga 1576 zuwa 1610. Tsakaninsu akwai shekara fiye da ɗari, kuma lissafi na biyun ne aka fi koyarwa a makarantu. In an bi shi, to Amina ta yi zamani da Sarauniyar Ingila Alsabatu ta Farko, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603, ita ma kuma ba ta yi aure ba har ta mutu. Har ila yau, jerin sunayen sarakunan Zazzau da aka rubuta bai sa sunan Amina a ciki ba, shi ya sa waɗansu masana suke ganin gimbiya ce mai riƙe da runduna, sarautar kuwa tana hannun wani namiji na gidan. Ni dai abin da na gani shi ne, littattafan nan biyu sunanta suka kira wajen karɓar haraji, ba su kira na wani namiji ba.

Me ta tafi nema a yaƙe-yaƙen nan? Hanya. Zazzau ita ce ƙofar kudu ta ƙasar Hausa. Fataken da ke ɗauko gishiri da kanwa da dawaki da tufafi daga arewa ta nan za su bi, masu ɗauko kayan kurmi su ma ta nan za su hauro. Wanda ya riƙe hanyar shi ke da kuɗin fito. Tarihin Kano ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kai mata haraji, kuma a zamaninta ne kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa. Duk inda ta kafa sansani sai ta sa a kewaye shi da ganuwa, saboda mayaƙa su kwana lafiya, ayari kuma ya sami zango. Shi ya sa har gobe, a wurare da dama, in manomi ya ci karo da tsohuwar ganuwa da ba a san wanda ya gina ta ba, sai ya kira ta ganuwar Amina. Ba duka ita ta gina ba mana, amma sunan ya bi ta.

Abin da ya fi shafarmu mu mata shi ne goro. Littafin ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, watau ƙwarya ɗari ke nan a lissafin 'yan goro, kuma ita ce ta fara mallakar goro a ƙasar Hausa. Ƙasar Nufe kuwa har yau an san ta da goron Laboji. Bayan haka hanyar Gwanja ta buɗe, cikin arewacin Gana ta yanzu, goro ya yawaita har ya sauko daga fada ya shiga hannun talaka. Yanzu ku duba, wace baiko ake yi ba goro? Wane ɗaurin aure, wane suna? Abin da ya zo wa sarauniya a matsayin haraji, shi ne yau ake rabawa a ƙofar gidan kowace amarya.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Waɗannan babanni arba'in 'ya'yan waɗansu mata ne. Yaƙin wancan zamani da kamun bayi yake tafe, kuma kowane gari da ya kai haraji sai da aka yi kuka a cikinsa tukuna. Amina sarauniyar zamaninta ce, ta yi abin da sarakuna maza na Kano da Katsina da Kabi suke yi, ba ta fi su tausayi ba.

Saura maganar da ta sa kakar yarinyar nan ta tsani sunan. Labari ne da ake yawo da shi, wai duk garin da Amina ta ci sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, gari na wayewa ta sa a kashe shi. Wannan zance ba ya cikin littafin Bello, ba ya cikin Tarihin Kano. A baki aka yi ta miƙa shi har ya shiga littattafan baya-bayan nan. Mu mata mun san yadda irin wannan magana take tashi. Ko a unguwa, mace ta yi arziki da sana'arta ba miji a kanta, kafin a yi haka an ƙirƙiro mata labari. Ina ga mace mai jan runduna?

Bello ya ce ta rasu a wani wuri mai suna Atagara, wanda ake danganta shi da wajen Idah a bakin kogin Kwara, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Watau can kudu, nesa da gida, mutuwa ta riske ta, ba a ɗaki cikin Zariya ba. Ba ta bar ɗa ba.

Sunanta dai bai ɓata ba. Akwai kwalejin 'yan mata ta Sarauniya Amina a Kaduna, akwai masaukin ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da wani a Jami'ar Ikko. A 1975, shekarar mata ta duniya, gwamnatin Nijeriya ta buga kan sarki da hotonta, a 2021 kuma aka fito da fim a kan rayuwarta. Sai dai 'yan makaranta su sani, hoton nan da suke gani a littafi na mace da takobi, mai zane ne ya ƙago shi daga baya, domin ba wanda ya zana fuskar Amina tana da rai.