Tomas Kun, malamin da kalmarsa ta ƙwace masa

Duk wanda ya saba zama tarurrukan ƙara wa juna sani ya ji wata kalma da Faransawa ke rubutawa paradigme, mu kuwa mu ce faradigim. Da an sake tsarin wani aiki, sai mai jawabi ya ce an canza faradigim. Mutumen da ya fiddo kalmar daga littattafan nahawu ya bazu da ita duniya shi ne Tomas Kun, Ba'amurke.

Asalinta Girkanci ne, ma'anarta misali ko abin koyi. Malaman nahawu sun daɗe suna kiran jadawalin sarrafa fi'ili da ita. Ɗan lakwal yakan hardace yadda ake juya fi'ili guda na Faransanci, sa'annan ya auna sauran ƴan'uwansa a kansa, kamar dai yadda almajiri ke auna fi'ilan Larabci bisa fa'ala.

An haifi Kun ran 18 ga watan Yuli 1922 a birnin Sinsinati, jihar Ohayo. Mahaifinsa injiniya ne. Ya shiga jami'ar Harbad ya karanci ilimin fiziya, ya samu digirin farko a 1943. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a fannin rada, na'urar hango jiragen sama, aikin ya kai shi Ingila da Faransa. Bayan yaƙi ya koma karatu, ya zama dakta a 1949.

Amma tun a 1947 hanyarsa ta karkata. Shugaban jami'ar, Jemis Konan, ya nemi ya taimaka masa wajen koya wa ɗaliban adabi tarihin kimiyya. Domin shirya darasi, Kun ya buɗe littafin Aristo na halin abubuwa da motsinsu. Da ya karanta shi da idon wanda ya san Niyuton, sai ya ga kure bisa kure. Abin ya dame shi: yaya mutum mai kaifin hankali a fannin mantiƙi da halittu zai yi irin wannan shirme? Daga bisani ya gane Aristo ba tambayar Niyuton yake amsawa ba. A wurinsa motsi ya haɗa kowane irin sauyi, tsiron iri ya zama itace, maras lafiya ya warke, dutse ya faɗo yana neman mazauninsa na asali. Da aka karanta shi haka, maganarsa ta zauna daram.

Harbad ba ta ba shi kujerar dindindin ba. A 1956 ya koma jami'ar Bakali a Kalifoniya, a 1957 ya wallafa littafi kan Kofanikus, a 1962 kuma ya fiddo ƙaramin littafin da ya yi masa suna, mai bayanin yadda juyin juya hali ke aukuwa a kimiyya. An fassara shi da Faransanci a 1972, an kuma sayar da fiye da kofi miliyan guda.

Ga abin da ya kafa. Yawancin lokaci masana ba su tuhumar tushen iliminsu. Suna da aikin wani gwani da suka yarda da shi, suna koyi da shi wajen warware matsaloli, kamar yadda yaron maƙeri ke kallon hannun ubangidansa. Wannan abin koyin shi ne faradigim. A hankali sai abubuwan da suka ƙi daidaita da shi su taru. Fiye da shekara dubu masana taurari na bin lissafin Batalimusa na Iskandariyya, wanda ya sa duniya a tsakiya. In lissafi ya kauce, sai a ƙara masa faci. A 1543 Kofanikus ya sa rana a tsakiya. Lissafinsa bai fi na da daidai ƙwarai ba, shi ya sa aka yi shekaru masu yawa kafin a bi shi. A nan Kun ya tsokano faɗa, domin ya nuna hujja kaɗai ba ta raba gardamar nan take: ɓangarorin biyu suna amfani da kalmomi iri ɗaya da ma'ana daban.

Aka yi masa ca. A wani taro a Landan a 1965, Kal Fofa da masu ra'ayinsa suka ga kamar ya mai da kimiyya bin yayi. Wata masaniya, Magaret Mastaman, wadda ma tana goyon bayansa, ta bi littafin shafi-shafi ta ƙirga ma'anoni 21 da ya yi amfani da kalmar. Kun ya karɓi gyara. A bugu na biyu, 1970, ya raba ta gida biyu: duk abin da masana fanni guda suka yi tarayya a kai, da kuma misalan da ake horar da ɗalibi da su. Na biyun shi ne ya fi ɗauka da muhimmanci, kuma shi ne jama'a suka fi mantawa.

Kalma dai ta riga ta fita. Ƴan kasuwa, ƴan siyasa da masu tallar haja suka ɗauke ta, har sake fentin shago ya zama canjin faradigim. Wasu kuma suka kafa hujja da shi cewa kimiyya ra'ayi ce kawai, abin da ya yi ta musantawa. Shi kansa ya rage furta kalmar a rubuce-rubucensa na baya.

Ya koyar a Firinston daga 1964, sa'annan a cibiyar fasaha ta Masacusets daga 1979 zuwa 1991. Ciwon daji ya yi ajalinsa ran 17 ga watan Yuni 1996, yana da shekara 73, yana cikin rubuta wani littafi da zai fayyace manufarsa. Sai a 2022 aka buga abin da ya bari na littafin.