Malam Aminu Kano: mutumin da ya gane tun kafin ranar zaɓe ake cin zaɓe

Duk lokacin da aka ambaci marigayi Malam Aminu Kano, abin da ke fara zuwa bakin jama'a shi ne gudun duniyarsa, da ƙaunarsa ga talakawa, da yadda ya koma ga Mahaliccinsa bai tara abin duniya ba. Duk wannan gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai yawan yabon halinsa ya sa mun sha'afa da wani babban ɓangare na aikinsa, wato gwagwarmayar da ya shafe sama da shekara 30 yana yi a kan ƙa'idojin zaɓe: wa ke da ikon jefa ƙuri'a, a ɓoye za a jefa ko a bainar jama'a, hawa nawa za ta taka kafin ta zama kujera, kuma wa zai shata iyakar mazaɓa. Wannan ɓangaren ne ya fi dacewa mu waiwaya a yau.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a watan Agustan 1920, a gidan malamai da alƙalai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne, don haka tun yana ƙarami ya san cewa hukunci yakan rataya ne a kan yadda aka tsara ƙa'ida da kuma wanda aka ba ikon fassara ta. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, sannan a 1942 ya fara koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, da ya dawo kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa.

Daga nan aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru, wadda a lokacin take cikin lardin Sakkwato, a yau kuma cikin Jihar Zamfara. A ƙasar Zamfara ya yi aikinsa na ƙarshe a matsayin malamin gwamnati, domin a ƙarshen 1950 ya ajiye aiki ya rungumi siyasa gadan-gadan, ya shiga jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan wannan shekarar. Bayan shekara uku ya zama shugabanta. Ba abin mamaki ba ne da kiran NEPU ya sami karɓuwa a garuruwan kasuwanci na gabashin lardin Sakkwato, irin su Gusau da Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, inda kuma fatake da masu cinikin gyaɗa da ƙananan masu sana'a ba su dogara da En'e wajen neman abinci ba.

Darasin farko ya zo masa a zaɓen 1951, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. A wancan zaɓe talakan Arewa bai zaɓi ɗan majalisarsa kai tsaye ba. Masu biyan haraji a ƙauye ko unguwa za su zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi na gunduma, haka dai hawa-hawa har a kai ga taron ƙarshe na lardi, wanda shi ne zai fitar da 'yan Majalisar Wakilai ta Arewa. A matakan ƙasa a fili ake nuna wanda ake so, a gaban mai unguwa da dagaci da hakimi. Daɗin daɗawa, doka ta ba En'e damar cusa mutanenta, kimanin kashi 10 cikin 100, a taron ƙarshe ba tare da kowa ya zaɓe su ba, kuma su ma ana iya zaɓensu zuwa majalisa.

A zagayen farko NEPU ta yi rawar gani a birnin Kano da wasu manyan garuruwa, har hankalin masu mulki ya tashi, abin da ya gaggauta mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, cikakkiyar jam'iyyar siyasa a watan Oktoban 1951. Amma da aka bi hawa-hawan nan aka tace, aka sake tacewa, kujeru 20 na lardin Kano ko ɗaya NEPU ba ta samu ba, shi kansa Malam Aminu bai kai labari ba. Babu wanda ya saci akwati, babu wanda ya sauya alƙaluma. Tsarin ne da kansa ya haɗiye ra'ayin jama'a a kan hanya.

Tun daga nan NEPU ta sa buƙatu uku a gaba: zaɓe kai tsaye, ƙuri'a a asirce, da kuma 'yancin zaɓe ga kowane baligi, namiji da mace. Malam Aminu ya kai waɗannan buƙatu har tarurrukan tsarin mulki na Landan a 1953 da 1957, a daidai lokacin da magoya bayansa a gida suke shan ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda laifuffuka irin su yin lacca ba izini. Bai fasa tsayawa takara ba duk da ya san filin a karkace yake. A 1954 Maitama Sule ya kayar da shi, a 1956 kuma Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Amma a hankali ƙa'idar ta riƙa sassautawa: a 1956 an yi zaɓe kai tsaye a wasu mazaɓun birane, a 1959 kuma aka yi shi a duk faɗin Arewa da ƙuri'ar asiri, ko da yake maza kaɗai. A wannan zaɓen ne Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Tarayya da ke Legas. Mutumin bai sauya ba, aƙidarsa ba ta sauya ba. Hanyar ƙirga ra'ayin mutane ce ta sauya.

Sai dai zaɓen 1959 ya zo da darasi na biyu. Daga kujeru 174 na Arewa, NPC ta kwashe 134 da ƙuri'u kusan miliyan 2, yayin da NEPU, mai ƙuri'u sama da dubu 500, ta tashi da kujeru 8 kacal. Dalili kuwa shi ne tsarin da muka gada daga Ingila, inda wanda ya ɗara kowa ko da ƙuri'a ɗaya ce yake kwashe kujerar, ƙuri'un sauran kuma su tashi a tutar babu. A irin wannan tsari, inda aka ja layin mazaɓa yana da nauyi daidai da yawan masu zaɓe. Idan aka tattara 'yan hamayya a mazaɓa ɗaya, sai su ci kujera guda da gagarumin rinjaye mara amfani. Idan kuma aka yayyanka su aka haɗa da ƙauyukan da ke hannun masu mulki, sai su faɗi ko'ina. Amurkawa sun daɗe da sanin wannan dabara, har suka laƙaba mata sunan Gwamna Elbridge Gerry na Jihar Massachusetts, wanda a 1812 ya sa hannu a dokar da ta fitar da wata mazaɓa mai kama da ƙadangare don amfanin jam'iyyarsa. A Najeriya ta wancan lokaci, rikicin ya fi fitowa ta wajen ƙidaya, domin da ita ake raba kujeru. Shi ya sa aka soke ƙidayar 1962, ta 1963 kuma ta bar baya da ƙura. A zaɓen 1964 mai cike da rigima Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

Zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, daga baya kuma na lafiya har 1974. Ya shiga kwamitin rubuta tsarin mulki na 1975 da majalisar da ta tantance shi, ya kuma ga cikar ɗaya daga cikin manyan burinsa, lokacin da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan a babban zaɓen 1979. Duk 'yar Arewa da ta taɓa bin layin zaɓe tana da bashin addu'a ga Malam da irin su Hajiya Gambo Sawaba.

A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, nan ma ƙa'ida ta sake tare masa hanya. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta hana shi takarar shugaban ƙasa a kan batun shaidar biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi ana dab da zaɓe. Duk da haka PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Kuma ƙuri'un Kano ne suka haifar da sananniyar shari'ar sha biyu da biyu bisa uku. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100. Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar Cif Obafemi Awolowo a watan Satumban 1979, ta amince cewa biyu bisa uku na ƙuri'un Kano za a duba. Fassarar jumla ɗaya ta yanke makomar ƙasa. Malam ya ƙarasa rayuwarsa cikin ɓacin ran rabuwar jam'iyyarsa gida biyu, Santsi da Taɓo, ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

To, ina muka kwana? Sashe na 73 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, amma mazaɓun tarayya 360 da aka yi zaɓen 2023 da su, tun 1996 aka shata su, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara. Manomin Banga yana cikin mazaɓar Ƙaura Namoda da Birnin Magaji, maƙwabcinsa yana cikin ta Shinkafi da Zurmi, alhali tashin hankalin 'yan bindiga ya raba ɗimbin mutanen yankin da ƙauyukan da aka yi musu rajista. Wanda ba zai iya isa rumfarsa ba, an yanke shi daga mazaɓa ko da ba a taɓa taswira ba. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, a rahotonsa na 2008, ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman don shata mazaɓu, da ware wasu kujeru da za a raba gwargwadon ƙuri'un jam'iyyu, amma majalisa ba ta ɗauka ba. Zamfarawa kuwa sun ɗanɗana ƙarfin ƙa'ida a watan Mayun 2019, lokacin da Kotun Ƙoli ta mayar da dukan ƙuri'un APC a jihar banza saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani.

Haka nan ya kamata 'yan bokonmu su yi hattara da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Gabanin zaɓen 2023 da yawa daga cikinsu sun sa Peter Obi a gaba, amma a sakamakon da hukuma ta bayyana na uku ya zo, kuma waɗanda suka fita zaɓe ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Binciken da aka yi ta wayar salula muryar mai waya yake ji, ba ya kuma faɗin wa zai fita ranar zaɓe, balle yadda tsari zai juya ƙuri'a ta zama kujera. Wanda ya ga zagayen farko na Kano a 1951 zai rantse NEPU ta ci.

Kowace jam'iyya a Arewa tana son jingina da sunan Malam Aminu, hotonsa kuma ba ya rabuwa da fastocin 'yan takara. Mai son gadonsa da gaske sai ya tambayi ɗan majalisarsa matsayinsa a kan sake shata mazaɓu bisa adalci, da zaɓen 'yan gudun hijira, da shawarwarin Uwais da aka jingine. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙa'idar zaɓe ma tun kafin a buga gangar siyasa ake gyara ta. Allah Ya jiƙan Malam Aminu, Ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ya ba mu ikon ƙarasa aikin da ya fara.